Aron Bakin Baffa

Duk wanda ya zauna a Yalwawa ta Dutse ya san Baffa Barau, in bai san shi da ido ba ya san shi da kunne. Shi ne dogon dattijon nan mai farar ƙasumba da ake ɗauka a mota in za a je neman aure, ko biko, ko sasanta 'yan kasuwar da suka yi baram-baram. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba, aljihunsa kuwa iska ce ke kwana a ciki. Abin da Allah ya ba shi baki ne. Idan ya tanƙwashe ƙafa a soron mutum ya gyara murya, uban da ya rantse ba zai ba da 'yarsa ba sai ya tsinci kansa yana tambayar wace rana ce ta fi musu. Don haka ake aron bakinsa kamar yadda ake aron tsani a unguwa, kuma bai taɓa hana kowa ba.

Wanda ba kowa ya damu ya sani ba shi ne mai wanke rigar da Baffa ke zuwa da ita, ya goge ta, ya kuma dafa tuwon da zai tarar in ya dawo. Sunansa Maharazu, mai walda ne a unguwar Takur, ya haura talatin, kuma bai taɓa aure ba.

Ɗan yayan Baffa ne. A wani ƙauye kusa da Buji aka haife shi. Yana ɗan shekara bakwai ko takwas maciji ya sari mahaifinsa a gona, damina ba ta zagayo ba amai da gudawa suka tafi da mahaifiyar. Ranar sadakar uku dangi suka zauna a kan wa zai ɗauki yaron. Ƙanwar mahaifiyarsa har ta ɗaure masa 'yan tsummokaransa a ɗankwali, sai ga Barau ya iso daga Dutse, a makare kamar kullum, ya nemi a bar shi ya ce wani abu. Ya yi magana a kan zumunci da haƙƙin maraya har tsofaffi suka riƙa share ido da bakin zane. Innar ta ɗauki ƙullin da hannunta ta miƙa masa, har tana ba shi haƙuri wai ta yi gaggawa.

A ranar Maharazu ya fara karatun da zai yi ta maimaitawa. Suna sauka a tashar Dutse Baffa ya zaunar da shi a kan benci, ya ce kada ya motsa, yanzu zai dawo. Ashe ya hango wani direba da fasinja suna cacar baki a kan buhun da ya fashe, ya je rabo, daga rabo aka ja shi shayi, daga shayi aka ce ya raka wani gaisuwar mutuwa. Yaron bai motsa ba. Ya ga rana ta tsallake kansa, ya ga masu motoci sun yi la'asar sun watse, fitsari ya matse shi amma yana tsoron in ya tashi za a zo ba a gan shi ba. Gab da magariba Baffa ya dawo a guje, da rake a hannu da hawaye na gaske a ido, ya rungume shi yana rantsuwa ba zai ƙara ba. Maharazu ya sha raken, ya kuma yarda.

Kada a ɗauka Baffa mugu ne. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, don mugu ana iya tsanarsa a huta. Ciwonsa guda ne: ba ya iya kallon idon mutum ya ce a'a. Wanda ke tsaye a gabansa shi ne mai shi, wanda ke gida yana jira kuwa sai dai ya yi ta jira. Irinsa ake ce wa inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Awakin da marigayi ya bar wa ɗansa haka suka tafi ɗaya bayan ɗaya, wannan an ara don suna, waccan an ce za a kai barbara a dawo da ita. Gonar Buji ya ba wani aro na damina guda, ga shi yau jikokin mutumin ke noma ta. Mata biyu ya aura, duka suka gaji. Ta biyun, Hassana, mace ce mai tausayi, kafin ta kwashe kayanta ta zaunar da Maharazu a bakin murhu ta koya masa talge da kaɗa miyar kuka, ta ce, "Koya, ɗan nan, don in ka ce sai an kawo maka a gidan nan, yunwa ce za ta binne ka."

Ya koya. Makaranta kuma ta ƙare masa a ƙaramar sakandare, bayan shugaban makarantar ya gaji da aika wa uban riƙonsa ya zo. Da ƙafarsa ya kai kansa shagon Oga Dominic, wani mutumin Filato da ya daɗe a Takur yana ƙera ƙyamare da gadaje, ya ce a koya masa. A can ya gano abin da ya kwanta masa a rai game da ƙarfe: inda ka haɗa shi yau, nan za ka same shi gobe. Ya zama mutum mai ƙarancin magana, mai cika lokaci har abin ya zama abin tsokana. In ya ce wa mai aiki ran Talata, to Litinin da yamma ƙyauren na jingine yana shan iska.

Ba wai bai taɓa yunƙurin tafiya ba. Akwai shekarar da surukin Oga Dominic ya nemi mai walda a Abuja, da ɗaki da komai. Maharazu ya haɗa jaka. Ana jibi zai tafi Baffa ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci, asibiti suka ce suga ce, sai an kula da cinsa da maganinsa. To wa zai kula? Mutanen da Baffa ya nemo wa mata suka cika ɗakin da sannu da lemo, kowa in zai fita sai ya dafa kafaɗar Maharazu ya ce, "Shi ya riƙe ka fa. Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar." Babu wanda ya ce zai kwana. Ya kwance jakar, ya mayar da kayan cikin akwati, bai ƙara tayar da maganar Abuja ba.

Madina ta shigo rayuwarsa ne da murhun gawayin mahaifiyarta a hannu, ƙafarsa ɗaya ta karye. Malamar firamare ce a nan Takur, 'yar ashirin da wani abu, mai dariya a kusa. Ya ce ta dawo gobe da la'asar. Ta ce, "Goben masu sana'a, ko goben Allah?" Da ta zo ta tarar da murhun a tsaye, har ya shafa masa fenti, sai ta dube shi sosai a karo na farko. Daga nan ya fara zuwa zance.

Gaskiya ita ce ba Madina kaɗai ya so ba, har gidansu ya so. Mahaifinta, Malam Habibullahi, tsohon ma'aikacin gidan ruwa ne da unguwa ta shaida da magana ɗaya. In ya ce e, ta zauna. In ya ce a'a, ko za ka kwana kana birgima. A gidan ana cin abinci a kan lokaci, wanda ya ce zai dawo yakan dawo. Maharazu yakan zauna a kan dakalin ƙofar yana jin ƙarar kwanoni daga ciki, ransa na raya masa ashe haka wasu suka tashi. Da tsohon ƙyauren gidan ya cinye, shi ya ƙera musu sabo ya shafe shi da koren fenti.

Ba shi kaɗai ke zuwa ba, kuma Madina ba ta ɓoye masa ba. Akwai Abdulrauf, ɗan wani Alhaji mai sayar da taki, yaro natsattse wanda ba a san shi da wani aibu ba. Amma kowa ya san inda zuciyarta ta karkata. Da tafiya ta yi tafiya Malam Habibullahi ya aiko da saƙon da kowane uba ke aikowa: in da gaske yake, ya turo manyansa.

Nan gizo ke saƙar. A ƙasar nan namiji ba ya nema wa kansa aure, ko da gemunsa ya kai cibiya. Sai manya sun je sun zauna da manya, an san daga wane gida ka fito, an san wa za a kama in ta ɓaci. Manyan Maharazu kuwa mutum ɗaya ne a duniya.

Baffa ya yi murna har da 'yar rawa a tsakar gida. "Ni da na nemo wa rabin garin nan mata? Ai ranar za su ji magana! Ka ce musu Lahadi." Lahadi ta zo Baffa na Buji, ya je ta'aziyya tun Juma'a aka riƙe shi rabon gado, sai da mako ya zagayo ya dawo. Aka sake sa rana. Wannan karon Maharazu ya goge masa farar shadda, ya sayo goro da alewa, ya ga fitarsa da idonsa tare da wani maƙwabci da zai raka shi. A bakin titi wasu dillalan shanu suka tare su, wai rigima ta tashi a kasuwar Shuwarin, ba mai kashe ta sai shi, yanzu-yanzu za a dawo da shi. Maƙwabcin ya komo gida da goron. A can kuwa Malam Habibullahi ya tara ƙannensa a soro, an shimfiɗa darduma, an yi fura, suka zauna har aka kira magariba.

Maharazu ya nemi wata ƙofa. Ya je wurin limamin unguwa ya durƙusa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ko za a taimaka a tsaya min a matsayin uba?" Liman ya girgiza kai. "Baffanka na raye, yana gari, kuma shi muke kira in namu ya taso. In na tsallake shi na je, na tozarta shi. Su ma can za su ce me yaron ya yi da ƙanin ubansa ya ƙi zuwa? Ka dai ƙara lallaɓa shi." Mai unguwa ma kusan haka ya ce. Oga Dominic, da ya ga yaronsa na ƙona ƙarfe saboda tunani, ya ajiye baƙin gilashinsa ya ce, "In dai shaidar hali ake so, ni zan sa babbar riga in je. Shekara nawa kana hannuna?" Maharazu ya yi godiya har idonsa ya kawo ruwa, amma su biyun sun san ba shaidar hali ake nema ba, jini ake nema. Gaba kura baya sayaki: ba a zuwa sai da Baffa, Baffa kuma ba ya zuwa.

Madina ce ta roƙar masa dama ta uku. Ta faɗa masa a ƙofar gida, ba dariya a fuskarta. "Baba ya ce Asabar, bayan la'asar. Ya ce daga ita ba zai sake tara mutane ba. Malam Maharazu, na gaji da kare ka a cikin gidan nan. Ko ɗaure Baffanka za ka yi, ka ɗaure shi." Ya ce ranar ba zai je shago ba, a kan babur ɗinsa zai kai shi har bakin soro, ya tsaya daga nesa ya ga shigarsa.

Dabarar ta yi kyau. Abin da bai lissafa ba shi ne kafin Asabar akwai Alhamis.

Da yammacin Alhamis ɗin ya dawo daga aiki ya tarar da Baffa zaune a kan turmi, sanye da wata sabuwar riga ruwan toka da bai san da ita ba, yana ƙamshin turaren da ba nasu ba. Bai yi masa sannu da zuwa da barkwancin da ya saba ba. Kansa na ƙasa.

"Baffa, lafiya? Jikin ne?"

"Zauna, Maharazu. Wallahi tallahi ban san can za mu ba."

Maganar ta fito a gutsure. Alhaji mai taki ne ya tsaya da mota a bakin masallaci bayan azahar, ya ce Malam Barau a taimaka masa da baki, ɗansa yake nema wa aure. Ya ba shi riga, ya sa shi a gaba. Ba a faɗi gidan ba, shi ma bai tambaya ba; yaushe ya taɓa tambaya? Sai da motar ta shiga Takur ta sha kwana ya hango koren ƙyauren.

"To me ya hana ka cewa a tsaya?"

"Da mutane fa. Dattawa cike da mota biyu, Alhaji riƙe da hannuna. In ce me?"

"Ka ce ɗanka ke neman yarinyar, jibi za ka zo masa."

Baffa ya shiga murza bakin rigar. "Na ce a raina zan yi musu magana sama-sama, marar gishiri, yadda za a ce mu je sai an yi shawara. Wallahi da niyyar da na shiga ke nan. To da na fara... ka san abin in ya taso. Na kawo maganar asali, na kawo ta zumunci, sai na ga Malam Habibullahi yana gyaɗa kai." Ya ɗago, kuma a cikin jajayen idanun nan masu hawaye Maharazu ya hango wani ɗan haske da bai gama mutuwa ba, irin na maharbin da ya tuna harbin da ya yi daidai. "Sun bayar, Maharazu. A zaman nan suka bayar."

Maharazu bai yi ihu ba. Ya dai ji, karo na farko a rayuwarsa, yana ƙin mutumin nan ƙi na gaske. Ya juya ya fita da kayan aikinsa a jiki.

Washegari da hantsi ya karya al'ada ya je wurin Malam Habibullahi da kansa. Dattijon bai kore shi ba, ya ma sa an kawo masa ruwa. Ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Da na ga Baffanka ya shigo, hamdala na yi, na ce yau dai Allah ya yi. Sai ya buɗe baki da sunan wani. Ban yi gaggawa ba, na ce, Malam Barau, ina maganar wancan yaron naka? Ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya ce ai duk ɗaya ne, duk 'ya'yanmu ne. To kai ka gaya min: in wanda ya riƙi yaro ya zo da ƙafarsa ya nema wa wani, me uba zai fahimta? Na ɗauka gidanku sun janye, kunya ta hana ku faɗa. Na shiga na tambayi yarinyar a gaban uwarta, ta ce ta amince. Na fito na ba su."

"Baba, kuskure ne. Wallahi ban janye ba."

"Na yarda da kai. Kuma ba zan ɓoye maka ba, kai na fi so. Amma na faɗa a gaban dattawa, magana kuwa zarar bunu ce. In na janye yau, gobe wa zai zauna a sorona ya yarda da abin da na ce?"

Maharazu ya yi masa sallama ya fito. Abin da ya sa ya so gidan shi ne ya rufe masa ƙofar gidan, kuma ko a ransa bai iya ganin laifin dattijon ba.

Madina ya tare ta a bakin makaranta an tashi yara. Idonta a kumbure, amma muryarta ba ta rawa. "Ba wanda ya tilasta ni, kada ka ɗora wa Baba. Ina bayan labule na ji muryar Baffanka, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Sai na ji sunan da ya kira." Ta gyara mayafi. "A nan na gane ko na shigo gidanku, layin jira zan shiga a bayanka. Ba za ka taɓa barinsa ba. Kuma da kai mai barinsa ne, da ban so ka ba tun farko. Ka yafe ni." Ya ce ba ta yi masa komai ba, ya tsaya ya ga ta hau adaidaita ta tafi.

Ya koma kwana a shago, a kan kwali tsakanin ƙarafa. Bai cika mako ba wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta zo har Takur da sandarta, ta ce Baffa ba ya cin komai sai shayi mai sukari da masu zuwa gaisuwa ke kawo masa, ƙafarsa ta kumbura, maganin ma bai san wanne ne na safe ba. Ba ta ce shi ya riƙe ka ba. Ta dai tsaya tana kallonsa. Ya kashe injin ya bi ta. Ya wanke ƙafar, ya ɗora tukunya. Suka ci gaba da zama, Baffa na ta jan hira, shi yana amsawa da to da a'a.

Aka sa ɗaurin aure wata Juma'a bayan an sauko. Alhaji mai taki ya ce bakin da ya nema shi zai karɓa, don haka Baffa ne wakilin ango. Maharazu ya ji labari. Ya yi niyyar ranar zai yi sallarsa a wani masallaci can bayan gari, ya wuce shago.

Ranar ta zo, motar da za ta ɗauki Baffa ba ta zo ba, tana can jigilar baƙi. Baffa ya shirya tun hantsi, yana zaune a soro da rigarsa ruwan toka da kumburarriyar ƙafa, yana leƙen hanya. Maharazu na fito da babur sai ga wani mutum ya yi sallama a gigice: uban matarsa ya zo zai tafi da ita, don Allah Malam Barau ya zo ya sa baki, nan kusa ne, ba za a daɗe ba. Baffa ya ce, "To, to, bari in sa takalmi," ya fara laluben ƙasa.

Maharazu ya tsaya riƙe da babur. Ya san yadda za ta kaya, shi da ya haddace karatun nan tun yana kan bencin tasha. In ya kau da kai kawai ya tafi, Baffa zai bi mutumin, masallaci zai cika, a yi ta waige ana ina wakilin ango. Auren ba zai fasu ba, wani za a tayar ya karɓa. Amma za a yi ta faɗa a Takur cewa ranar auren 'yar Malam Habibullahi sai da aka yi zaman jira, dattijon zai sake zama a gaban mutane yana kallon ƙofa, labari kuma zai shiga cikin gida ya sami Madina da lalle a hannu. Wani ɓangare na zuciyarsa ya ce to, su ma su ɗanɗana. Ya ji daɗin tunanin na ɗan lokaci, daga baya ya ji kunyarsa.

"Malam, ka yi haƙuri," ya ce wa mutumin. "Ba zai zo ba. Ana jiransa a wani wuri."

Mutumin ya buɗe baki, Baffa ma ya buɗe nasa. Maharazu ya durƙusa ya sa masa takalmin a ƙafar mai lafiya, ya ɗaura masa silifa a ɗayar, ya tallafe shi ya ɗora a bayan babur. Tun da aka san Baffa Barau a garin Dutse, ranar ce karo na farko da ya isa wuri kafin a fara nemansa.

Maharazu ya yi sallarsa a sahun waje, a kan kwalta, rana na dukan ƙeya. Da aka sallame ya so ya tashi, amma jama'a sun toshe inda ya ajiye babur, ga shi kuma dole ya mayar da mutumin gida. Yana nan zaune lasifika ta yi ƙara, aka yi gyaran murya, sai muryar ta fito, tas, cike da natsuwa, irin wadda ke sa kowa ya bar abin da yake yi. Ta yi salati, ta yabi gidan Malam Habibullahi da abin da ya cancanta, sannan ta ce tana nema wa ɗansu Abdulrauf auren 'yarsu Madina. Aka ce an ba shi. Muryar ta ce ta karɓa masa. Kalmomin da Maharazu ya daɗe yana jin su a ransa ke nan, da wannan muryar, da wannan sunan na mace, ba abin da ya canza sai suna guda. Aka ce Fatiha. Ya ga hannayensa sun ɗagu tare da na kowa, ya shafa.

Da taro ya fara watsewa Baffa ya fito yana ɗingishi, mutane na ta miƙo masa hannu ana sai kai, Malam Barau. Ya iso wurin babur fuskarsa na sheƙi. Da ya haɗa ido da Maharazu sai fara'ar ta ɗan dushe, ya hau baya a hankali, ya yi shiru har aka tayar da injin. Amma abin ya fi ƙarfinsa. Ya matso da bakinsa kusa da kunnen yaron da ya riƙa.

"An ji ni har waje kuwa?"

"An ji ka, Baffa."

"Ban yi tuntuɓe ba ko?"

"Ko ɗaya," in ji Maharazu. Ya sa giya, suka kama hanyar Yalwawa.